Badukun da Ya Roƙi Ranar Kasuwa

Shekara bakwai na yi ina shugabancin ƙungiyar kwale-kwalen garinmu. A cikin shekarun nan mutum ɗaya tak ya taɓa ɗaga hannu da kansa ya ce a ba shi aiki, kuma ni ne na yi sanadin da aka ƙwace aikin daga hannunsa. Abin da ya roƙa bai taka kara ya karya ba. Ya ce a bar masa tuƙin ranar kasuwa.

Garinmu yana bakin gulbi, tsakanin Tibiri da Gidan Rumji. Da rani gulbin nan rairayi ne zalla, amalanke ma ratsa shi take ba tare da jaki ya rage tafiya ba. Amma da zarar damina ta zauna, ruwa ya taho daga kudu, sai ya raba mu da rabin gonakinmu, ya raba mutanen ƙetare da kasuwa da likita har wata uku ko fiye. Da can mutum yakan ɗaure kayansa a ka, ya rungumi babban gora ya yi iyo, mata da tsofaffi kuwa sai haƙuri. Shekarar da na bar koyarwa a lakol, wato makarantar boko, na dawo gida, muka haɗa hannu mu masu gonaki a ƙetare muka sayo kwale-kwale na katako, aka kawo shi a bayan babbar mota. Muka kafa ƙungiya, muka zaɓi buro, wato kwamiti, na mutum shida, aka ɗora ni a kai. Sun ce don na iya rubutu ne. Ni na san don na fi kowa ƙarfin murya ne.

Sayen jirgi shi ne mai sauƙi. Jirgi yana son wanda zai tuƙa shi kowace rana, da wanda zai kwarfe ruwan da ya shiga, da wanda zai toshe ɓaraka da tsumma da kwalta. Idan ruwa ya janye kuma, sai a haƙa rami a inda rairayi yake da damshi a binne shi, a riƙa zuba masa ruwa duk tsawon rani, in ba haka ba katakon ya tsage. Ba a biyan kowa ko sisi. Kowa yana son ya tarar da jirgi a bakin gaɓa yana jiransa, amma aikin sai a ce na ƙungiya ne, ita ƙungiyar kuma idan ka duba da kyau ni ne.

A garinmu mutum ba ya neman aiki irin wannan da bakinsa. Sai an je zaurensa da goro an roƙe shi, ya ce shi wane ne, akwai waɗanda suka fi shi. A koma, ya ce a bari ya yi shawara. A karo na uku ya ce to, tunda kun matsa. Ni da na yi shekara talatin ina ce wa yara su ɗaga yatsa, sai na ga wannan ɓata lokaci ne da ɓarnar goro. Duk shekara kafin ruwan shuka nakan sa a ɗauko mini tsohon baƙin allo a jingina shi a gindin tsamiyar mashigi, in rubuta ranaku bakwai, in juyo in ce wanda yake so ya ɗaga hannu. Sai kowa ya samu abin dubawa a yatsun ƙafarsa. Wani ya ce bayansa, wani ya ce ruwa yana sa shi jiri, wani da na sani yana kama kifi da hannu tun yana yaro ya ce shi bai iya iyo ba. Daga ƙarshe dai sai in bi su gida-gida da goron da na raina. Ranar kasuwa kuwa ko da goro ba mai karɓa, don ranar ce jirgi yake cika da awaki da buhuna da mata masu gardamar wurin zama, tun hantsi har la'asar sakaliya. Ni nake riƙe da ita, kafaɗata ta dama kuma ta fara ba ni labari.

Shekarar da nake magana a kanta, hankalin mutane ba a kwance yake ba. Ana ta jin an kore shanu a kudu, an ɗauke wane a gonarsa. Magana ɗaya ce a bakin kowa: ɓarawo ba ya shiga gari sai da ɗan gari. Rabin garinmu kakanninsu daga can kudancin iyaka suka zo, har da dangin uwata, kuma ba wanda ya taɓa damuwa da wannan. Amma da tsoro ya shigo sai mutane suka fara tuna kakan wa ya zo daga ina.

Na jingina allona kamar kullum, na yi musu dogon jawabi. Na ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na ce ranar da na faɗi a tsakiyar ruwa da matansu a cikin jirgi, ranar za su san an yi. Na ce wanda ba zai iya yini ba ya ba da rabin yini, wanda ba zai iya sanda ba ya riƙe ƙwaryar kwarfa. Ina cikin faɗa sai na ga hannu a sama, can baya.

Baduku ne. Mutum ne da ya ba hamsin baya, siriri, mai ƙarfin damtse, matarsa ta rasu da jimawa bai sake aure ba. Rumfarsa tana bayan masallaci, inda yake ɗinka guga da kube da rigar laya. Yana da ƴar gona a ƙetare, shi ya sa yake cikinmu, amma ban taɓa jin muryarsa a taro ba.

Ya ce, "Mushe, in babu mai so, a ba ni ranak kasuwa."

Mushe shi ne sunan da ake kiran duk wanda ya taɓa riƙe alli a lakol, har ya mutu. Na tsaya da allin a hannu ina kallonsa. Ya kamata in yi murna. Shekara da shekaru ina roƙon a ɗaga hannu, ga shi an ɗaga. Amma abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne, me yake nema? Ashe ni ma ɗan garin ne, duk da baƙin allona. Na rubuta shi a gaban ranar kasuwa, ina rubutawa ina cewa a zuciyata banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ruwa ya zo, muka tone jirgi muka sa shi. Ban ɓoye ba, badukun ya iya. Yana dasa sanda a inda ya dace, ba ya faɗa da kowa, yana jera buhuna yadda jirgi ba zai karkata ba. Ɓarakar da ta dame mu shekara biyu ya toshe ta a yini ɗaya. Da wani ne da ya koma gida ya shafa man zafi a kafaɗa ya gode wa Allah. Ni sai na ɗauki rediyona na koma gindin tsamiya duk ranar kasuwa, wai ina shan iska.

Abu na farko da na lura da shi, a ƙetarawa ta biyu ta safe yakan daɗe a gaɓar can. Jirgi ya cika, mutane suna ta yi masa magana, shi kuwa ya duƙa yana kwarfar ruwan da ni daga nan na san babu shi. Yana kwarfa yana ɗaga kai yana duban hanyar da ta fito daga wajen Gidan Sori, hanyar da in ka miƙe ta ba ka tsaya ba sai iyaka. Sai wasu tsirarun mutane sun ƙaraso sannan ya tura jirgi. Kowane mako haka.

Abu na biyu ya fi tsaya mini a rai. Da rana ta karkata, masu cin kasuwa suka fara komawa, sai in ga ya zaro ɗan ƙunshi daga cikin rigarsa ya cusa a ƙarƙashin katakon goshin jirgi, da sauri, yana waiwaye. Jirgi ya je ya dawo, in yi kamar ina duba igiya in leƙa, babu ƙunshi. Wata rana na shiga jirgin da kaina don in ga mai ɗauka. Muna isa gaɓa wani bunsuru ya tsinke igiya ya bi ta tsakanin ƙafafuna, na riƙe gefen jirgi don kada in sha ruwa, kafin in miƙe kowa ya sauka. Na koma gida da jiƙaƙƙen wando da baƙin rai.

Sai kuma makon da ruwa ya yi yawa, na ce a ɗaure jirgi, ba mai ƙetarawa. Mutumin da ba ya magana ya biyo ni har ƙofar gida.

"Mushe, ruwan ga ina iyawa da shi. Mutanen ƙetare na nan tahe, kada su iske babu jirgi."

Na ce, "Waɗanne mutane?"

Ya ce, "Masu cin kasuwa."

Na hana shi. Amma tun daga ranar na daina cewa ina zato, na fara cewa na sani. Na kai maganar wurin sakataren ƙungiya, wani mai shago da in ka ba shi labari tsirara sai ya mayar maka da shi da riga da wando. Ya rage murya ya ce ai kakan badukun daga wajen Katsina ya zo, kuma wa ya san wanda yake ɗinka wa kube? Ya ce wanda ya riƙe jirgi ranar kasuwa ya san wanda ya sayar da sa, ya san wanda ya koma gida da nauyi a aljihu, ya san ta inda zai bi. Ni na rubuta sunansa a allo da hannuna. Idan aka ɗauke wani a hanyar ƙetare, wa za a tambaya?

Don in fita hakkinsa, na je rumfarsa ni kaɗai. Muka gaisa, ya ture mini buzu na zauna.

Na ce, "Ƙunshin da kake sawa a goshin jirgi, mine ne ciki?"

Basillar da ke hannunsa ta tsaya. Ya ce, "Ɗan abin da ba a rasa ba, Mushe."

"Na wa?"

Ya ci gaba da ɗinki.

"Wa kake jira a gaɓar can?"

Ya ja zare ya ɗaure, ya ciza ya yanke, bai ɗago ba. Na ga kunnuwansa kamar sun yi duhu, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Na ce a raina mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ina da saurin fushi, kuma ba abin da yake tayar mini da shi kamar in yi tambaya a yi mini shiru. Na tashi ko sallama ban yi masa ba.

Muka kira shi gaban buro a zaurena bayan la'asar. Mu shida a kan tabarma, shi a rakuɓe kusa da ƙofa. Na jero abin da na gani ɗaya bayan ɗaya, kamar ina karanta laifin ɗalibi. Na ce ba mu ce ya yi komai ba, amma zamani ya lalace, ya faɗa mana wanda yake jira da abin da yake aikawa, magana ta ƙare. Ya dubi ƙasa ya ce, "Ba ni da abin hwaɗi." Wani dattijo a cikinmu, mai kula da binne jirgi da rani, ya ce mu yi a hankali, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Na ce masa gara zunubin zato da zaman makoki. Aka yanke cewa ba za a kore shi ba, tunda ba a kama shi da komai ba, amma ranar kasuwa ta bar hannunsa. Aka ba shi kashegarinta, ranar da daga manomi sai fartanyarsa ke ƙetarawa.

Ya ce, "To." Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sannan ya juyo. "Mushe, in da hali, a bar mini ko da ta sahe kaɗai."

Na ce babu hali.

Maganar zaure ba ta kwana a zaure. Kafin mako ya zagayo, masu kai masa guga sun fara kaiwa Tibiri. A masallaci sai ka ga ɗan fili tsakanin kafaɗarsa da ta na kusa da shi. Mai shago ya fara cewa ya kamata a sanar da jandarma, don kada a ce mun sani mun yi shiru. Shi kuwa badukun bai fasa ranar da aka ba shi ba ko sau ɗaya. Ranar kasuwa kuma sai ya zo gindin tsamiya da ƙunshin kaba ya zauna yana tufka wa jirgi sabuwar igiya, ba mai zama kusa da shi. Na ɗauki wannan ma a matsayin shaida. Na ce kun gani, an hana shi jirgi ya koma leƙe daga tudu.

Na koma riƙe sanda da kafaɗata mai ciwo. Ni ba na jiran kowa. A ƙetarawa ta biyu jirgi yana cika na tura. Mun kai tsakiyar ruwa sai na hango wata mace da goyo ta fito daga hanyar Gidan Sori tana sauri, ta iso gaɓa ta tsaya tana haki. Sai da ta jira na je na dawo. Da ta ga ni ne da sanda, ta ɗan yi turus, sannan ta gaishe ni ta shiga. Da yamma wajen komawa ta wuce kowa ta zauna a goshin jirgi. Idona yana kanta. Na ga hannunta ya zame ƙarƙashin katako ya laluba, ya fito ba komai, ta mayar da shi cikin mayafi. Mako na biyu ma ta laluba.

Ranar na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya kama kura da hannu. Ban saba kai wa matata maganar ƙungiya ba, don na ɗauka ba ta shafe ta ba, amma daɗi ya hana ni yin shiru. Tana tankaɗe a tsakar gida na ce mata na gano mai karɓar saƙon. Na kwatanta ta: doguwa, mai ɗan tabo a haɓa, da goyon ƴar yarinya mai laya a wuya, layar da aka yi wa ɗinki da jan zare da kore.

Ta ajiye rariya. Ta dube ni yadda ake duban wanda ya fito da riga a baibai.

"Malam, wagga ai ɗiyar badukun ta. Ta hwari."

Na ce wace ɗiya? Ban san yana da ɗiya mace babba ba.

Ta ce ina zan sani, ina can Gazawa ina koyar da ƴaƴan mutane lokacin da aka haife ta. Ana yaye ta kakarta ta wajen uwa ta ɗauke ta zuwa Cadawa, kamar yadda ake yi da ɗan fari, can ta girma, daga can aka yi mata aure da wani manomi na ƙetare shekara biyu da suka wuce. Uban bai je ɗaurin aure ba, don bai kamata a gan shi ba. Ba ya faɗin sunanta. Ba ya shiga gidanta, ba ya tsayawa ya yi magana da ita, in sun haɗu a hanya kowa ya kau da kai. Haka iyayenmu suka yi, shi kuma mutumin da ne, ya riƙe abin da ƙarfi. Uwar da za ta riƙa kawo masa labarinta ta rasu. Hanya ɗaya ce ta rage masa. Mai tuƙin jirgi yana tsaye a baya, duk wanda ke ciki yana gabansa, kuma ba wanda zai ce don me yake kallon gaba.

Na ce, "Ƙunshin fa?"

"Sabulu, dabino, wani lokaci ɗan kilishi. Mi kuke zato? Duk macen da ke shiga jirgin ga ta sani. Mu muke matsa mata ta zamna gaba." Ta ɗauki rariyarta. "Ku maza kun zamna kun yi buro, ba wanda ya tambayi ko da tsohuwa guda."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na tuna gumin da na gani a goshinsa, wanda na karanta a matsayin rashin gaskiya. Mutum shida mun zaunar da dattijo mun ce ya faɗi da bakinsa abin da tun yana yaro aka koya masa ba a faɗi. Na tuna ya ce a bar masa ko da ta safe. Tuwon daren nan ban iya ci ba.

Matata ta ce, "Ka maida mishi ranarshi shiru. Ka ce kafaɗarka ta gaza. Kada ka ce komi ga kowa."

Da na ji maganarta da yanzu ba na rubuta wannan. Amma na ce a gaban jama'a aka ɓata shi, a gaban jama'a za a wanke shi. Maganar jandarma ta tsorata ni, wannan gaskiya ne, don na san in aka ɗauki mutum da irin wannan zargi, ko an sako shi bai dawo daidai ba. Akwai kuma wata gaskiyar da ta fi wuyar faɗi. Ina son a ga ni mutum ne mai amsa kuskurensa. Na saba in yaro ya yi kure in fito da shi gaban allo a gyara kowa ya gani, ban taɓa koyon gyara a ɓoye ba.

Ranar Juma'a bayan an sallame, kafin mutane su watse, na miƙe a ƙofar masallaci na ce a dakata. Na ce ni na zargi badukun, kuma na yi kuskure. Da na tsaya nan da ya isa. Amma na ga fuskar mai shago, na ga bai gamsu ba, sai na ci gaba. Na ce wadda yake jira ɗiyarsa ce ta fari, ƙunshin kuma sabulu ne da dabino, ya nemi tuƙin ranar kasuwa ne don ya riƙa ganinta.

Sai wani tsoho, abokin wasansa, ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Kai! Ashe son ɗiya ya sa ka zama sarkin ruwa?" Dariya ta kama ko'ina. Ba dariyar mugunta ba ce, ta mutanen da aka sauke wa tsoro ce, wasu har suna miƙa masa hannu. Na nemi fuskarsa ina jiran in ga ta saki. Ya ja rawaninsa ya rufe baki da hanci, ya ratsa mutane ya fita, bai karɓi hannun kowa ba.

Sunansa ya wanku, wannan kam na yi. Guga ta koma rumfarsa, sahu ya haɗe. Amma duk wanda ya kai masa aiki sai ya tsokane shi kafin ya tafi, a tambaye shi ko akwai saƙon ƙetare. Labari ya haye gulbi, dangin mijinta ma suka samu abin wasa. Ranar kasuwa ta zo, gindin tsamiya ba kowa sai igiyar da ya gama tufkawa ya bari a naɗe. Ɗiyar ta zo a makare kamar kullum, wannan karon na jira ta. Ta shiga ta zauna a tsakiya, ta ja mayafi har goshi. Matan da suka saba matsa mata suka kau da kai, maza biyu suka dubi juna suna murmushi. Da muka iso ta ɗan saci kallon tsamiya sau ɗaya, ta wuce da sauri. Ban iya dubanta ba, na yi ta kallon bakin sandata.

Na bar mako biyu ya wuce ko ƙura za ta lafa. Sannan na saɓa sandar tuƙi a kafaɗa, na bi ta tsakiyar gari da ita har rumfarsa. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali, ya tambayi kafaɗa, ya miƙo mini ruwa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na jingina sandar na ce, "Na kawo maka ranarka. Ka yahe mini."

"Ba komi, Mushe. Allah shi yahe muna duka." Ya gyara fatar da ke kan gwiwarsa. "Amma ba ni iyawa."

"Don mi? Kowa ya san ba ka da laihi."

Ya ɗauki basillarsa, sannan ya amsa.

"Lokacin da mutane ke hararata, ina zamne gindin tsamiya, ba wanda ya san abin da nika kallo. Ko ba jirgi ina ganin an sauka lahiya. Yanzu in na tahi, gari duka ni za ya kalla. Can ma ba a iya ɗaga kai."

Ko a nan bai ambaci ɗiyar ba, bai ma ce ita ba. Na miƙe zan tafi, sai ya yi gyaran murya, idonsa a kan ɗinki. Jika ba a jin kunyarta, kaka yakan kira ta matarsa, don haka wannan tambayar ya iya yin ta.

"Amaryar tawa da ke goye, Mushe. Ta hwara tahiya?"

Na ƙetare da yarinyar nan sau da yawa. Da farko idona yana kan hannun uwarta, daga baya yana kan bakin sandata. Ko sau ɗaya ban duba ba ko ana sauke ta a gaɓa ta taka.

Na ce, "Ban lura ba."

Ya gyaɗa kai, ya soka basilla a fata. Na ɗauki sandar na koma da ita bakin gulbi.